Tamostat a mashin ɗin tsere: a cire shi ko a bar shi?

Duk wanda ya taɓa sayen mota 'yar Kwatano a Kano ya san abin da ke biyo baya. Tun kafin a yi mata lamba, bakanike zai kwance wani ɗan murfi a bakin babban tiyon ruwa, ya zaro wani ƙarfe mai sifirin da bai cika tafin hannu ba, ya ɗaga maka shi ya ce, "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne, mu nan ba mu da buƙatarsa." Sai ya wurga shi cikin gwangwanin noti, ya haɗa fanka darakt, a biya shi kuɗin aiki, kowa ya kama gabansa. Wannan ƙarfen shi ne tamostat. Al'adar ta biyo mu har kan manyan mashina masu lagireto, waɗanda yara ke bi da kallo suna cewa fawa baik. Mai Boxer ko roba-roba ba ruwansa da wannan magana, iska ce ke fifita injinsa.

A kan mota gardamar ba ta da tsawo, domin masu ƙera ta ba su saka shi don ado ba. A kan mashin ɗin da aka shirya don filin tsere ne magana take ɗaukar zafi, saboda a nan bakanike yana da hujjar da ba za ka iya turewa da hannu ɗaya ba. Zai ce maka ai 'yan tseren ƙasashen waje ma cirewa suke yi. Kuma gaskiya ya faɗa, da yawansu suna cirewa. Abin da ba ya faɗa shi ne me suke yi bayan sun cire, kuma a wane irin hali mashin ɗinsu yake aiki.

Mu fara da gane inda muke. Kano ba ta da filin tseren babura da aka shimfiɗa don wannan aiki. Wanda yake son ya kwantar da mashin a kwana ba tare da tsoron Adaidaita Sahu ko akuya ba, sai ya ɗora shi a bayan mota ya nufi kudu, irin filin Evbuobanosa da ke jihar Edo, kuma wannan ba tafiyar kowane mako ba ce. Saboda haka yawancin abin da muke kira mashin ɗin tsere a garin nan, shi ne dai wanda ake fita da shi da sassafe ranar Lahadi a miƙa hanyar Zariya ko ta Wudil, kuma shi ne zai tsaya a danja cikin gari yana jiran hannu. Mashin ɗaya, aiki biyu. Ka riƙe wannan, don a kansa rabin hukuncin ya rataya.

Aikin tamostat ba shi da wuyar fahimta. A cikinsa akwai ɗan kwanso mai ɗauke da wani irin kaki. Idan ruwan injin yana da sanyi, kakin yana daskare, ƙofar tana rufe, ruwa ba ya zuwa lagireto sai dai ya yi ta kewaya cikin injin har ya ɗumama. Da zarar ya kai wani mataki na zafi, kakin zai narke ya kumbura, ya tura wani ɗan tsinke, ƙofar ta fara buɗewa a hankali. Ba wai buɗe ko rufe kawai yake yi kamar makunnin fitila ba. Yana iya tsayawa rabi, ya ƙara, ya rage, gwargwadon yadda kake murɗa totur da yadda iska take. Babu waya, babu batir, babu wanda yake ba shi umarni.

Kowane kamfani da inda ya sa nasa. A manyan mashinan Honda da Suzuki masu silinda 4 za ka tarar yana fara buɗewa wajen digiri 82 na ma'aunin Salshiyos, ya gama buɗewa wajen 95, ƙofar ta ɗaga kamar milimita 8. Wasu na Kawasaki tun wajen digiri 60 suke farawa. Galibi ana buga lambar a jikin ƙarfen, in ka goge tsatsa za ka gani. Wannan bambancin kaɗai ya isa ya nuna maka cewa shawarar da ta yi wa abokinka daidai ba lallai ta yi maka ba.

Ga inda mutane suke shan ruwa. Tamostat ba ya yanke wa zafi iyakar sama, iyakar ƙasa yake yankewa. In ka ga allonka ya nuna 105 kana tsakiyar gudu, to tamostat mai lafiya ya daɗe da buɗewa har ƙarshe, ya gama nasa, ya koma ɗan kallo. Abin da ya rage tsakanin lagireto ne da iska da famfon ruwa. Ka cire shi a wannan hali, mashin zai daɗe kafin ya kai 105 ɗin saboda ya taso daga ƙasa sosai, sai ka ɗauka an yi magani. Ka ba shi zagaye 5 ko 6 masu kyau, zai koma inda ya saba, ko ya tsaya digiri 2 ko 3 ƙasa da nan. An gudu ba a tsira ba.

Yanzu mu kawo lissafin gida. Zafin da lagireto ke iya zubarwa ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin zafin ruwan da ke cikinsa da zafin iskar da ke ratsa shi. A watan Afrilu da azahar, Kano tana taɓa digiri 40, wata rana ta wuce. A Disamba da Janairu da asuba kuwa tana sauka zuwa 13 ko 14, wani lokaci ƙasa da haka a bayan gari. A ce mashin ɗinka ba tamostat, kuma a bazara yana zama a kan 90 in kana ba shi wuta. Tazarar 50 kenan. Ka fito da shi da sanyin hunturu, ka ba shi wuta irin waccan, tazarar nan ta 50 ita zai riƙe, sai ka gan shi wajen 64. Wannan fa in kana matsa masa ne. In ka sassauta totur ka bar shi yana tafiya a giya ta 6, injin ba ya haifar da zafi mai yawa, iska kuma tana ta dukan lagireto, sai ya gangaro cikin hamsin da wani abu. Masu cewa Kano garin zafi ne ba su yi ƙarya ba, amma sun manta da watannin da muke hura wuta a ƙofar gida muna lulluɓa da bargo.

Ni da kaina na sha wannan. Mashin ɗina mai silinda 4 ne, cc 600, na hannu na saye shi. Bazarar farko da na yi da shi ya riƙa hawa sama da 105 in na daɗe ina ba shi wuta, hankalina ya tashi, na kai shi wani gareji. Maigidan wurin, dattijo ne da nake ganin girmansa, bai ko kalli lagireto ba ya ce, "Ɗana, kawo sifana mai lamba 8." Cikin minti 20 tamostat yana hannuna a leda. Na tafi ina murna. Gaskiya a makon farko na ga kamar an samu sauƙi, amma da na fita doguwar hanya sai lambar nan ta dawo tana kallona. Na yi shiru, na ce ƙila halin mashin ɗin ne. Damina ta shigo, gari ya yi sanyi, na manta da zancen.

Sai Disamba. Na fito bayan sallar asuba, hazo ya rufe gari, yatsuna suna ƙanƙarewa cikin safar hannu. Na ɗumama shi a ƙofar gida har ya kai 70, na hau. Kafin in wuce Na'ibawa ya sauko 58, da na miƙa hanya sai 52, ya kafe a nan. In na buɗe totur daga ƙasa sai ya ɗan yi kakari kafin ya amsa, salansa tana warin ɗanyen fetur, tankin da na san inda yake kai ni ya kasa kai ni. Bayan makonni na zo canza baƙin mai, na shinshina abin da ya zubo cikin kwano, warin fetur ne ƙarara, ga shi ya tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa. Na zaro fulogi, duka 4 sun yi baƙi ƙirin da tokar hayaƙi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: zafin bazara bai tafi ba, ga kuma ciwon hunturu na sayo da kuɗina.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mashin mai injekta yana da ƙwaƙwalwa, wato 'yar kwamfutar da ke auna fetur ɗin da injin zai sha, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da take saurare shi ne na'urar da ke auna zafin ruwa. Muddin ta ga ruwa bai ɗumama ba, tana ɗauka yanzu aka tayar da injin, sai ta ƙara fetur, daidai da yadda ake jan cok a mashin mai kafireto. An yi hakan ne don 'yan mintuna, ba don tafiyar awa 2 ba. Fetur ɗin da ya yi yawa ba ya ƙonewa duka. Wani ya fita ta salansa, wani ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara ta gefen ringi ya haɗu da baƙin mai. Ga mai tsere akwai ƙarin asara: in ka biya kuɗi an daidaita maka ƙwaƙwalwa a kan injin mai zafin 80, sannan ka shiga fili yana kan 55, ba saitin da ka saya kake hawa ba.

Baƙin mai ma yana da nasa ƙorafin. Duk ƙonewar fetur tana haifar da tururin ruwa, kaɗan daga ciki yana sauka cikin mai, kuma zafi ne kaɗai ke kore shi. Yawancin waɗannan mashinan suna da ɗan akwati a gindin filtar mai inda ruwa da mai suke musayar zafi, don haka ruwa mai sanyi yana jan mai ya yi sanyi shi ma. Sannan ga ƙarfe. Fistin yana ɗaukar zafi nan take ya kumbura, silinda kuwa ruwa ne ke kewaye da ita. Ratar da injiniyoyi suka bari tsakaninsu, sun auna ta ne a kan zafin aiki. Injin da ake kai wa juyi 13,000 a minti ba wurin wasa da wannan rata ba ne. Ba zai fashe maka yau ba, cin sa ake yi a hankali kamar gara.

To me ya sa masu tsere na gaske suke cirewa? Suna da dalilai, kuma na farkon yana da nauyi ƙwarai. Tamostat yana iya mutuwa. In ya mutu a buɗe, da sauƙi, ka koma kamar wanda ba shi da shi. In ya mutu a rufe kuwa, ruwa ba zai je lagireto ba sam, kuma a kan gudun tsere ba za ka samu ko zagaye ɗaya na gargaɗi ba. Lamba za ta harba sama, ruwa ya tafasa, gaskit ya ƙone, wani lokaci kan silinda ya lanƙwashe. In ruwan ya feso kan tayar baya kana cikin kwana, maganar ta wuce ta injin. Abin da babu shi a jikin mashin ba zai lalace ba, wannan ita ce hujjarsu, kuma ban ga yadda za a musa ta ba. Mu da muke sayen mashin mai shekara 15 da tamostat ɗin da ya fito da shi daga masana'anta, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai fiye da su.

Dalili na biyu shi ne gudun ruwa. Ko a buɗe yake, tamostat yana ɗan tare hanya. Injin da aka ƙara wa ƙarfi yana haifar da zafin da ya wuce abin da aka tsara, a fili mai zafi irin Sepang ta Malesiya kowane digiri yana da daraja, don haka suna ƙara girman lagireto, su gyara hanyar iska, su cire duk abin da ke rage gudun ruwa. Ribar cire tamostat shi kaɗai ƙarama ce, amma su masu tara ƙananan riba ne.

Abin lura shi ne ba sa barin injin ya yi sanyi. Aikin da tamostat yake yi, mutum suka ɗora wa. Kafin mahayi ya hau, ana tayar da mashin a kan jak, ana ɗan murɗa totur ana saki har ruwa ya kai wajen 70 ko 80. Sannan a dubi yanayin ranar a manna salatif mai faɗi a fuskar lagireto, layi ɗaya ko biyu ko uku, don a rage iskar da ke shiga. Ka lura da hotunan MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, a ranar sanyi, za ka ga wannan salatif ɗin a mashinan da kuɗinsu ya fi na gidaje. Mahayi ya dawo, a duba abin da na'ura ta rubuta, a ɓare layi ɗaya ko a ƙara. Kuma duk rayuwar wannan mashin ɗin a wuta take: ya fita, totur a buɗe na minti 20 ko 40, ya dawo a kashe. Ba ya tsayawa a danja, ba ya rakiyar ɗaurin aure.

Salatif yana da rauninsa, shi ya sa ko a cikin masu tsere akwai waɗanda suka bar tamostat ɗinsu. Abin da ka manna da ƙarfe 8 na safe ba zai dace da ƙarfe 1 na rana ba, balle a hunturunmu da tsakanin asuba da azahar ake samun tazarar digiri 15 ko fiye. In ka maƙale a bayan wani kana shaƙar iskarsa mai zafi, salatif ba zai ɓare kansa ba. In ka manta da shi ka shiga zagayen rana, kai da kanka ka toshe lagiretonka. Wanda ya je fili shi kaɗai, shi ne direba, shi ne bakanike, shi ne mai auna iskar taya, yana da abubuwan tunawa da suka ishe shi.

Akwai wata magana da ake yawan yi a gareji, wai in an cire tamostat ruwa yana gudu da yawa har ba ya samun lokacin hucewa a lagireto. Ba haka ba ne. Ruwan da ya ratsa lagireto da sauri ya ɗan huce kaɗan, gaskiya, amma ya ratsa injin da sauri shi ma, kuma yana dawowa sau da yawa. Yawan gudu ba ya rage zafin da ake zubarwa. Sai dai masu maganar sun ga wani abu na gaske, sunan da suka ba shi ne ba daidai ba. Tamostat yana zaune ne a mafitar injin a yawancin mashina, kuma ɗan matsin da yake yi yana sa famfo ya tara ƙarfi a cikin kan silinda. Ruwan da ke cikin matsi ba ya saurin tafasa. In ka buɗe hanyar wayam, matsin nan yana raguwa a daidai wurin da ya fi zafi, kusa da bawul ɗin hayaƙi, sai ƙananan kumfa su fara tashi a jikin ƙarfe, kumfa kuwa ba ta ɗaukar zafi. Famfon ma a juyi mai yawa yana iya fara kaɗa kumfa maimakon tura ruwa. Shi ya sa wani zai cire ya ga zafi ya ƙaru, ya rasa dalili.

Sai kuma hanyar kewaye. A wasu injina akwai ƙaramar hanya da ruwa ke bi ya koma famfo ba tare da ya je lagireto ba, kuma a wasu ƙirar tamostat ɗin ne da kansa yake toshe ta idan ya buɗe babbar ƙofa. Ka cire shi ka bar wannan hanya a sake, wani kaso na ruwan zafi zai riƙa yanke hanya yana komawa injin bai huce ba. Ga kuma robar da ke hana yoyo, wadda a mashina da yawa a bakin tamostat ɗin take zama. Don haka wanda ya san aiki ba ya cirewa ya rufe murfi kawai. Ko dai ya yanke cikin tamostat ɗin, ya fitar da kakin da sifirin ya mayar da zoben da robarsa, ko ya sa washa mai rami daidai da wancan. In za ka cire, to wannan ita ce cirewa. Abin da aka yi mini a gareji gyaran gangar Auzinawa ne.

Da bazara ta sake zagayowa na zauna na nemi ainihin abin da ke damun mashin ɗina. Na kwance lagireto na ɗaga shi saitin rana. Kusan rabinsa na ƙasa haske ba ya ratsawa. Ƙurar hunturu ce ta haɗu da laka da ƙwarin damina ta zama kamar siminti a tsakanin haƙoransa, ga wasu haƙoran sun kwanta saboda tsakuwar da tayar gaba ke watsowa, da kuma masu wankin mota da ke saita masa ruwa mai ƙarfi kai tsaye. Na jiƙa shi, na wanke daga baya zuwa gaba da tiyo marar ƙarfi, na zauna da tsinken sakace da ƙaramar sukundireba ina tayar da haƙoran ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Cikinsa kuma farin dutse ne ya kama, irin wanda kake gani a gindin butar shayi, saboda wanda ya riƙe mashin ɗin kafin ni, da ni kaina, duk ruwan da ya zo hannu muke zubawa, na rijiya ko na burtsatse.

Murfin lagireto shi ne na uku, kuma shi ne mafi arha a cikinsu. Yawancin mashinan nan murfinsu yana riƙe matsin da ya kai 1.1 ne a ma'aunin "bar", an rubuta a samansa. Ruwa zalla a tukunya a Kano yana tafasa ne ɗan ƙasa da digiri 100, tunda garin yana kan tudu kusan mita 500 daga teku. A ƙarƙashin murfi mai lafiya kuwa sai ya kai wajen 120. Murfin da robarsa ta tsattsage yana sakin matsi da wuri, ruwa ya riƙa tsiyaya zuwa ƙaramin tanki yana zubewa, mai mashin ya ce obahitin, a kama tamostat da laifin da ba nasa ba. Kada dai a buɗe wannan murfi injin yana da zafi, tururinsa yana saɓule fata.

Maganar abin da za a zuba ta shafi mai zuwa fili kai tsaye. Koren ruwa ko jan ruwan da ake sayarwa a galan yana da sinadarin gilaikol, wanda babban aikinsa hana ruwa daskarewa ne, matsalar da Kano ba ta sani ba. Ruwa zalla ya fi shi ɗaukar zafi, kuma gilaikol in ya zube a kwalta santsi yake kamar mai, shi ya sa masu shirya tsere da yawa suke hana shi. Amma ruwa zalla ba ya hana tsatsa da cin alminiyam. Abin da ake yi shi ne tataccen ruwa da ɗan maganin tsatsa marar gilaikol, irin Water Wetter. Tataccen ruwan shi ne wanda ake ƙara wa batir, amma ka tabbata ba mai asid aka miƙo maka ba, don a shago ɗaya ake sayar da su kuma jarkokin suna kama. Fanka kuwa, haɗa ta darakt ba ya ƙara komai a kan gudu, iskar hanya ta ninka tata. Cin batir kawai take yi. Amfaninta a go-sulo ne, kuma a nan ƙwaƙwalwa tana kunna ta da kanta in ruwa ya haura 100.

Masu ƙananan mashinan daji masu shan haɗin mai da fetur, nasu ya ɗan bambanta. Irin wannan injin ya fi son ruwa wajen 50 zuwa 60, kuma da yawa daga cikinsu ba su zo da tamostat ba tun asali. Amma su ne kuma suka fi saurin kamewa in aka ba su wuta da sanyi, fistin ya kumbura ya cije silinda. Wanda nasa ya zo da shi, ya bar shi.

In ka tambaye ni, ga yadda zan raba. Mashin ɗin da yake taka titi ko da sau ɗaya a mako, wanda injinsa yake yadda kamfani ya ƙera shi ko an canza salansa da filtar iska kawai, a bar masa tamostat, amma sabo, ba wanda ya shekara 15 ba. Wannan ya haɗa kusan kowa a garin nan. Mashin ɗin da ba shi da lamba ba shi da fitila, a mota yake zuwa fili a mota yake komawa, an taɓa cikin injinsa, kana da yaro ko aboki da zai riƙe salatif yana duba lamba duk dawowa, kuma ka riga ka wanke lagireto ka canza murfi amma har yanzu yana haura 100 a kan gudu, wannan za a iya yanke cikin tamostat ɗinsa, a kula da hanyar kewaye, a nemi a riƙe shi tsakanin 75 da 85. Akwai kuma tsaka-tsaki ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba: tamostat mai buɗewa da wuri, wajen 65 zuwa 70, in ana samun na irin mashin ɗinsa. Ba zai rage zafin Afrilu ba, amma yana ba da 'yar rata kafin a kai can, kuma ba ya barin injin ya faɗa cikin hamsin da sanyin asuba.

Nawa na dawo da shi, amma ban yarda da sabon ba sai da na gwada, domin a kasuwar kayan gyara, ko Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, kwali mai kyau ba ya nuna abin da ke ciki. Na ari ƙaramar tukunyar uwargida, tana tambaya, "Maigida, yau kuma ƙarfe za a dafa mana?" Na ɗaure tsohon da sabon da zare a jikin muciya, na rataya su cikin ruwa yadda ba za su taɓa gindin tukunya ba, na tsoma ma'aunin zafi, na kunna gas a hankali. Sabon ya fara motsi a 82, kafin ruwa ya tafasa ya buɗe har ina iya zura fensir ta gefe. Tsohon, wanda aka ɗora wa laifi aka ajiye a leda wata da watanni, shi ma ya buɗe, ɗan jinkiri kawai ya yi. Na saka sabon, ɗan ramin fitar iska yana kallon sama, na cika ruwa a hankali ina matsa tiyo har kumfa ta daina fitowa, na tayar da injin murfi a buɗe har na ga ruwa ya fara gudana, na ƙara, na rufe. Hunturun da ya biyo baya na bi hanyar nan ta Na'ibawa da asuba, lambar ta hau 80 ta zauna. A Afrilu, da wankakken lagireto da sabon murfi, ban ƙara ganin ta wuce 95 a kan gudu ba, sai in na tsaya a danja fanka ta tashi ta yi aikinta ta mutu.